Ita Ma Shekararta 22 A Lokacin

Kafin in ce kome, ina neman gafarar malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin na san duk wanda ya buɗe wannan mujalla tamu waƙa yake nema, ko nazarin karin magana, ko kuwa gardamar nan tamu da ba ta ƙarewa a kan ƙa'idojin rubutu. To, ga shi ni kuwa na zo da labarin wata Ba'amurkiya wadda ta ƙare rayuwarta tana koya wa 'yan matan jami'a ƙwallon kwando. Dalilina shi ne cikin watan jiya na cika shekara 22, kuma tun ran nan matar ta ƙi fita daga raina.

Asalin abin a damina ne ta 2024, lokacin wasannin Olamfik na birnin Faris. Ina zaune a tsakar gida da wayar yayana a hannu na kalli 'yan matan Nijeriya suka doke Ostareliya, daga baya suka doke Kanada, har suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta shiga cikin takwas ɗin ƙarshe a Olamfik. Amma ni idona yana kan matar da ke tsaye a bakin fili, watau Rena Wakama, tana nuni da hannu, tana tsawa, manyan 'yan wasa suna bin umurninta. Na yi shekara 3 ina buga wannan ƙwallo a sakandare, ban taɓa ganin mace a wannan matsayi ba. Da na ji cewa a jami'o'in Amurka ta koyi aikin, sai na shiga neman labarin matan da suka riga ta, kuma duk hanyar da na bi sai ta kai ni ga suna guda, Pat Summitt ta Jami'ar Tennessee.

An haife ta a 1952, sunanta na gida Patricia Head, 'yar manoma ce masu noman taba da kiwon shanun tatsa. Yayyenta maza 3 ne, kuma da su ta koyi ƙwallo a saman rumbun da ake ajiye ciyawar dabbobi, bayan an tashi daga aikin gona. Da ta isa shiga sakandare sai ya zamana makarantar yankinsu ba ta da ƙungiyar 'yan mata. Sai mahaifinta, mutum mai tsanani wanda ba ya yawan magana, ya kwashe iyalinsa kaf ya koma wani ƙauye da ake kira Henrietta, domin kawai 'yarsa ta sami makarantar da za ta buga ƙwallo. Ku riƙe wannan mutum a zuciya, zan komo kansa.

Ƙwallon da ta buga a sakandare ma ba irin wanda muka sani ba ne. A wancan zamani a jihar Tennessee 'yan mata shida-shida suke bugawa, uku a wannan rabin fili, uku a wancan, ba mai tsallake layin tsakiya, wai don jikin mace ba zai jure gudun fili duka ba. Yarinyar da ke ɗaukar damin ciyawa tare da maza ita ce aka ce ba ta iya gudun fili! Da ta tafi jami'a a garin Martin, iyayenta ne suka biya kuɗin karatunta, alhali yayyenta maza wasa ne ya biya musu nasu, domin ba a ba mata irin wannan tallafi a lokacin. Sai a 1972 aka kafa dokar da aka fi sani da Title IX, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, har da wajen wasanni.

To, a 1974 ne abin da ya tsaya mini a rai ya faru. Jami'ar Tennessee da ke Knoxville ta ɗauke ta a matsayin mai taimaka wa koci, tana kuma karatun digiri na biyu. Kafin a fara kakar wasa sai kocin ta ajiye aikin, aka waiwayo aka ce da Pat ga ƙungiya nan. Shekararta 22, wasu daga cikin 'yan wasan shekara ɗaya tak ta ba su. Albashinta dala 250 ne a wata. Ita ke tuƙa motar da ke kai su wasa, ita ke wanke musu riguna, rigunan ma da kuɗin da aka tara wajen sayar da wani irin fanke da suke kira donat aka saye su. Akwai ranar da suka kwana a kan katifun motsa jiki a ɗakin wasan abokan karawarsu don ba kuɗin masauki. Wasanta na farko Jami'ar Mercer ta cinye ta da ci 84 da 83. An ce da ta buga wa mahaifinta waya, bai lallashe ta ba, sai ya gaya mata cewa ba a kai jaki sukuwar dawaki, ta je ta nemo 'yan wasan kirki. Nasararta ta farko a Janairun 1975 ce, 'yan kallo kuwa kimanin 50.

A nan nake so 'yan'uwana na Sashen Hausa su ɗan dakata. Wanene a cikinmu ba a taɓa tambayarsa abin da yake karantawa ba, ya faɗa, aka yi ɗan murmushin nan aka ce, “Hausa kuma? A jami'a? Ba da ita aka haife ka ba?” Ni kam wata gwaggota har cewa ta yi da ta sani da ta koya mini a kyauta. Na sha fita daga irin wannan zance in ji aikin ajin ma ya fita daga raina, in yi shi sama-sama, tun da dai ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Aikin da aka miƙa wa Pat irin wannan ne. An ba ta ne saboda ba mai so, kuma da ta yi shi da wasa ba wanda zai tuhume ta. Amma ta kama shi da hannu biyu tun ba mai kallo, tana kuma jinyar gwiwarta da ta ji wa rauni a shekararta ta ƙarshe a Martin, har ta sami shiga ƙungiyar Amurka ta Olamfik ɗin Montreal a 1976, karo na farko da mata suka buga ƙwallon kwando a Olamfik, suka zo na biyu bayan Tarayyar Sobiyet. A 1984 kuma ita ce kocin da ta kai matan Amurka ga lambar zinariya a Los Angeles.

Kofin jami'o'i na ƙasa kuwa ya ba ta wuya. Sau 3 tana kaiwa wasan ƙarshe ana cinye ta, a 1980 da 1981 da 1984, sai a 1987, bayan shekara 13 tana aikin, ta doke Louisiana Tech ta ɗauka. Daga nan ƙofa ta buɗe: 1989 da 1991, sa'an nan 1996 da 1997 da 1998 a jere, sa'an nan 2007 da 2008, kofi 8 ke nan. A kakar 1997 zuwa 1998 wasa 39 suka buga ba a ci su ko ɗaya ba. Cikin shekara 38 ta ci wasa 1,098, aka ci ta 208. A 2006 mutum fiye da 24,000 suka cika ɗakin wasan jami'ar don kallon 'yan matanta da na Connecticut, a shekarar ne kuma albashinta ya haura dala miliyan ɗaya. Daga baya Tara VanDerveer ta Stanford ta wuce ta a yawan nasara a 2020, Geno Auriemma na Connecticut kuma ya wuce su duka a 2024.

Wani abin mamaki da ya kamata a faɗa shi ne, da kuɗi da daraja suka shigo wasannin mata, sai maza suka shigo da su. A 1972 fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'in Amurka mata ne ke horar da su, bayan shekara 40 kuwa ba su kai rabi ba. Lokacin wankin riguna ba a yi gardama da kowa ba. Ita kanta an taɓa yi mata tayin ta koma ta horar da ƙungiyar maza ta jami'ar, ta ƙi, domin ba ta yarda cewa wannan ƙarin girma ba ne.

Duk waɗannan alƙaluma ba su ne suka fi kama ni ba, dokar aji ce. Duk 'yar wasanta tilas ta zauna a cikin layuka 3 na gaba a ɗakin lacca, wadda ta yi fashin aji kuwa ba za ta buga wasa ba, ko da ita ce tauraruwar ƙungiya. Sakamakon haka, duk yarinyar da ta cika shekarunta na wasa a hannun Pat ta fita da digiri, ba a bar ko ɗaya ba. Ni da nake zama a layin ƙarshe kusa da taga, musamman a laccar ilmin furuci ta ƙarfe 2 na rana, na san abin da wannan doka za ta yi mini. A cikin waɗanda ta horar akwai Chamique Holdsclaw da Tamika Catchings da Candace Parker, akwai kuma Kara Lawson wadda ta zama kocin Jami'ar Duke a 2020.

Sai dai kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da ke damuna a labarinta. Matar nan tana da tsanani ƙwarai. Hararar da take yi wa 'yar wasa idan ta yi kuskure ta yi suna a Amurka duka. Akwai lokacin da aka cinye su a wani gari, da suka dawo ta sa 'yan matan suka sake sa rigunan da suka yi wasa da su, da guminsu ba a wanke ba, suka shiga atisaye. A 1990, tana da tsohon ciki, ta hau jirgi zuwa Pennsylvania don ta shawo kan wata yarinya ta zo jami'arta, naƙuda ta kama ta a gidan mutane, ta koma jirgi ta ce sai a Tennessee za ta haihu, kuma haka aka yi. Mutane suna ba da waɗannan labarai suna dariya suna yabo. Ni kuwa nakan tuna waɗanda ba su jure ba suka bar makarantar, domin lissafin digirin nan bai ƙirga su ba. Ita ma da ta manyanta ta yarda cewa a farkon aikinta ta yi zafi fiye da kima, don tana tsoron kada ƙuruciyarta ta sa a raina ta.

Ina aka samo wannan zafi? A wurin mutumin nan da na ce ku riƙe. Ta faɗa da bakinta cewa mahaifinta bai taɓa rungumar ta ba sai tana shekara 43, bayan ta ɗauki kofin 1996. Ba'amurke yakan karanta wannan ya ce wane irin uba ne. Ni da na karanta sai na ajiye wayar na yi shiru, domin na san mutumin, a gidanmu yake. Ni ce 'yar fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ranar da na kai masa sakamakon zangon da na fi kowa a ajinmu, ya duba takardar ya ce, “To, madalla,” ya ci gaba da sauraron rediyo. Amma shi ne ya sayar da buhunan masararsa tun farashi bai tashi ba don ya biya mini kuɗin rajista, shi ne kuma ya tsawata wa gwaggon nan tawa, wadda ita ce babba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Mu muna da sunan wannan hali, muna ce masa alkunya, muna ce masa kara, har muna rubuta jarrabawa a kansa. Sanin sunan bai hana ni son in ji kalmar daga bakinsa ba. Ina zaton ita ma Pat haka, kuma ina zaton abin da aka yi mata shi ta yi wa 'yan matanta: ta tashi tsaye a kan karatunsu da makomarsu, yabo kuwa sai an sha wuya.

A Agustan 2011, tana da shekara 59, ta fito ta shaida wa duniya cewa likitoci sun same ta da cutar mantuwa ta Alzheimer, irin mai kama mutum tun bai tsufa ba. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ajiye aiki nan take ba. Ta ƙarasa wannan kaka mataimakanta suna riƙe da mafi yawan aikin, musamman Holly Warlick, wadda ta buga mata ƙwallo tun shekarun 1970, ta kuma yi shekara 27 tana mataimakiyarta. A Afrilun 2012 ta sauka, Warlick ta gaje ta, a shekarar kuma Shugaba Obama ya ba ta lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka. Ta rasu ran 28 ga Yunin 2016 a Knoxville, tana da shekara 64. Cikin kwanakinta na ƙarshe tsofaffin 'yan wasanta suka riƙa zuwa daga garuruwa daban-daban suna zama a bakin gadonta, har da waɗanda suka fi shan harara.

Akwai filin ƙwallon kwando a bayan ɗakunan kwananmu na mata, ƙarfen kwando ɗaya ya karkace, ragar kuwa tun kafin mu zo ta ruɓe. Da yamma samari ne ke cika shi, ba kuma wanda ya ce kada mu je, mu ne dai ba ma zuwa. Tun da na shigo jami'a ban taɓa ƙwallo ba. Ran Asabar da ta wuce, bayan sallar asuba, na bi ɗaki-ɗaki na tashi mutum 9 da suka yi mini alkawari, 5 suka fito, ɗaya da silifa. Ƙwallon da muka aro ba iska, muka ɓata rabin awa muna neman famfo, sai a wurin mai facin keke na bakin ƙofa muka samu. Ɗaya daga cikinsu, 'yar aji ɗaya, ta yi ta jefa ƙwallon da hannu biyu daga ƙasa yana wuce allon, na ji tsawa ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye, na je na gyara mata riƙon hannu. Da ta jefa na bakwai ya shiga, na ce mata ta yi kyau, na kuma kira sunanta.