Ɗakin Gwaggo a Wurno

Idan kin bar Sakkwato kin bi ta Achida, tun kafin ki shiga Wurno warin albasa da tafarnuwa zai tare ki. Gari ne na fadamar gulbin Rima, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, nan kuma aka binne shi a 1837. Tsofaffin gidajen cikin gari na ƙasa ne, kuma ɗaya daga cikinsu ya kawo mu: gidan Gwaggo, wadda ta rasu ba ta bar ɗa a garin ba. Magada sun watsu, wasu a Rabah, wasu a Goronyo, suka yanke a sayar a raba kuɗin.

Ɗakinta ya ci mana kwana huɗu. Kwalla da samira a jere har rufi, fanteka cikin fanteka, adaka uku, randa mai tsaga, ƙullin magani a tsumma. Buhun shinkafa ɗaya ya zama gari, gara ta gama da tabarmi. Tun ambaliyar 2010, da ruwan madatsar Goronyo ya mamaye garuruwan yankin, ta ɗora komai bisa gado don tsoro, ba ta sake saukewa ba.

Matasan gidan sun so a kira 'yan gwangwan su auna a kilo a huta. Kawu ya hana. Ya ce ko allura ce gado ce, ba mai ɗauka sai malam ya zo, an biya bashi, an fitar da wasiyya. Ni dai na ga gaskiyarsa, don kwano ɗaya da wata ta soke a jaka kan raba zumunci shekara goma.

Amma abin da ya fi ba mu aiki shi ne, ashe kaya da yawa ba nata ba ne. Tsohuwa a irin wannan gari ita ce bankin unguwa. Da aka ji ana kwashe ɗaki, mata suka fara sallama. Wata dattijuwa ta nuna adakar tsakiya ta ce, "Ɗiyata, wagga ajiyata ta, kayan armen jikata na ciki." Ta lissafa atamfofin tun ba a buɗe ba, har da launinsu, kuma haka muka tarar. Wata ta zo neman kuɗin adashi, muka same su a gwangwanin madara, cikinsu har da tsofaffin takardun naira da suka daina aiki. Magada suka cika mata daga aljihunsu.

Alluna da takardun Alƙur'ani da danshi ya taɓa, makarantar allo ta unguwa aka kai. Takardar gonar fadama kuwa, wadda aka yi wata biyu ana nema, a ƙasan kwallar ƙarshe take, an naɗe ta a leda tare da katin asibitinta.