Daga Bodinga Zuwa Ruwan Shagari

Da hutun makaranta muka ɗauki almajiranmu goma sha biyu muka bi hanyar Jega daga Sakkwato. Mun fara tsayawa a Bodinga, inda Malam Abdullahi na Gwandu ya taɓa zama. Kusa da nan Sifawa take, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Daga nan muka wuce Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi aikin malanta kamarmu kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Da yara suka hangi ruwan madatsar Shagari, sai murna ta kama su, kowa yana so a sa shi cikin kwalekwale. Muka zaunar da su tukuna a inuwa, muka ba su labarin ruwan nan. A watan Afrilu 1922 ba mu san abin da ya faru ba, amma a Afrilu 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne. A watan Mayu 2023 kuma yara 15 na ƙauyen Dandeji suka nutse. Itacen girki suka tafi nema. Yaranmu suka yi tsit.

Sa'an nan muka kafa doka. Muka raba su kashi uku, huɗu huɗu, da malami ɗaya a kowace tafiya, gama yawan lodi shi ne ke kifar da jirgi. Kowa ya ɗaura rigar ruwa. Ba mai miƙewa tsaye, ba mai leƙa ruwa, kuma abin da matuƙi ya ce shi za a yi. Tun kafin la'asar muka fito.

Mun hana su wanka a bakin ruwa saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin katantanwa, ta huda fatar mutum, daga baya yaro ya fara fitsarin jini. Ruwan sha kuwa tafasasshe muka zo da shi daga gida, da dare kuma kowa ya kwana cikin gidan sauro.

Ya ku iyaye, Allah ne mai kiyayewa, amma ya ba mu hankali. Kafin ɗanku ya shiga jirgi, ku ƙirga mutanen da ke ciki. Mu kuma tuna da iyayen Gidan Magana da Dandeji cikin addu'a.