Taswirar Dogo Ba Ta Ɓoye Niyyar Wanda Ya Shimfiɗa Shi

Akwai wani irin littafi wanda Turawan Ingila suka ba muhimmanci ƙwarai, watau littafin taswirar hanyoyin jirgin ƙasa. Ba labari a cikinsa sai zane. Kowane shafi yanki ne na ƙasa, an ja layin dogo a kai, an sa ɗigo a kowace tasha, an rubuta shekarar da aka buɗe ta. Layin da yake aiki a ja shi da baƙi, wanda aka rufe kuwa a yi masa tsinke-tsinke, don kada na baya su manta da cewa jirgi ya taɓa bi ta nan. Ni dai tun da na fara duba irin waɗannan littattafai nake jin kishi, ina cewa ina ma a ce muna da namu da Hausa. Dalilina kuwa shi ne, wanda duk ya zauna ya ƙura wa taswirar dogon Nijeriya ido, zai karanta tarihin ƙasar nan na shekara ɗari da ɗoriya ba tare da wani ya yi masa fassara ba.

Bari mu buɗe shafin farko. Wani layi ya taso daga Ikko a ƙarshen ƙarni na 19, ya isa Badun a 1901, ya kai Jebba bakin Kwara a 1909. Ana cikin haka kuma, a 1907, Gwamnan Arewa na lokacin, Girouard, wanda da ma injiniyan jirgin ƙasa ne, ya sa aka fara wani layin daga Baro, shi ma a bakin Kwara, ya bi ta Minna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. Mai karatu zai ce, me ya kawo layi biyu? Ai lokacin Kudu da Arewa gwamnati biyu ne, kowace da aljihunta. Ta Arewa tana so kayanta su sauka Baro, jiragen ruwa su kwashe su zuwa teku, ta Ikko kuwa tana so kome ya biyo ta tasharta. A 1912 aka haɗa layukan biyu a Minna, aka mai da su hukuma ɗaya, shekara biyu kafin a haɗa ƙasar kanta. Ashe dogo ya riga siyasa. Daga nan kuma Baro ta fara dusashewa, don kaya sun sami hanya ta kai tsaye zuwa Ikko, tafiyar kimanin mil 700 daga Kano.

Turawa sun shimfiɗa dogon Kano ne da sa ran auduga, don masaƙunsu na Lankasha. Amma masaƙan Kano da kewaye sun fi su sayen auduga da daraja, saboda haka manomi ya duba ribarsa ya koma wa gyaɗa. Dalar gyaɗar nan da muke gani a hotuna, wadda ake ambaton Alhassan Ɗantata da ita, 'yar dogo ce. Ba don jirgi ba, wane jaki ko raƙumi zai kai wannan kaya bakin teku?

Shafi na biyu na gabas ne. An sami kwal a Udi kusa da Inugu, sai aka ja layi daga Fatakwal ya isa can a 1916, ya ci gaba ta Makurɗi da Kafanchan har ya haɗu da na yamma a Kaduna. Gadar Makurɗi ba ta samu ba sai 1932, kafin nan a jirgin fito ake ƙetarar da taragu a Binuwai. Rassa kuma suka fito: daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, daga Kano zuwa Nguru a 1930. Na ƙarshe shi ne na Barno, wanda aka fara a 1958 da rancen Bankin Duniya, ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Jimlar duka ta kai kilomita 3,500 da 'yan kai.

To, jama'a, a nan ne taswira take tona asiri. Ku dubi layukan nan duka, ina suka fuskanta? Teku. Ɗaya ya gangara Ikko, ɗaya Fatakwal. Kowane reshe kuma ya tsaya ne daidai inda kayan da ake nema suke: gyaɗa da fatu a Kano da Nguru, auduga a Funtuwa da Gusau, kuza a Jos, kwal a Inugu. Sakkwato ba ta sami dogo ba, haka Katsina, haka Yola. Ba kuma wani layi da ya ratsa daga Ikko zuwa Inugu kai tsaye. Mai son yin wannan tafiya a jirgi sai ya hau Arewa har Kaduna sa'an nan ya sake gangarowa. Wanda ya ja wannan zane ba zumuncinmu ne ya dame shi ba, hanyar fitar da kaya yake nema. Zumuncin da ya biyo baya, irin wanda ya cika Sabon Garin Kano da na Zariya, ya kuma raya Kafanchan, mutane ne suka ƙulla abinsu a kan hanyar da aka yi don buhuna.

Layin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda da tsinke-tsinke za a zana shi. Ƙaramin dogo ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, an gama shi a 1914 don kwasar kuza. Sunan Bauchi aka sa masa, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai amfaninsa ya ragu, a 1957 aka rufe shi. Yau yaran garuruwan da ya ratsa, nawa ne suka san jirgi ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan kakanninsu?

Mu da muke cikin shekaru talatin da ɗoriya mun taso mun tarar da dogo, amma jirgi sai jefi-jefi. Abin da na sani na rayuwar tasha, a bakin baffana na ji shi, wanda ya yi aikin gyaran dogo a reshen Nguru har ya yi ritaya. In ya fara jero tashoshi, Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, sai ka ce almajiri yana tilawa. Ya san inda ruwa yake cin hanya da damina, da inda rairayi yake binne ƙarfe da rani, da tashar da mata suke fito da dafaffen ƙwai da fura in jirgi ya yi kuka. Irinsa taswira ce mai rai, kullum kuwa raguwa suke yi. Wani tsohon ma'aikacin reluwe Bature, Francis Jaekel, ya rubuta tarihin dogon Nijeriya cikin littafi uku a 1997, Allah Ya sa a amfana. Amma da Turanci ne, kuma abin da leburan dogo ya sani ba lalle ne ya shiga takardun ofis ba.

Abin da ya sa maganar take da gaggawa shi ne, yanzu ana jan sababbin layuka. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Ikko zuwa Badun a 2021. A 2021 ɗin kuma aka ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Faɗin sabon dogo ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, tsohon kuwa ƙafa 3 da inci 6, watau jirgin wannan ba ya hawa wancan. Saboda haka garin da sabon layi ya kauce wa, tsohon ƙarfen da yake kwance a bayan kasuwarsa ba zai cece shi ba. Abin da ya sami Baro yana iya samun wani. Yawancin kuɗin aikin kuma rance ne, wanda mu da 'ya'yanmu za mu biya. Ashe kuwa wanda zai biya bashi yana da hakkin ya ga zanen, ya tambaya: wannan layi kayan wa zai ɗauka, kuma wa ya bari a baya?

Don haka nake kira ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1955, da sassan nazarin ƙasa da tarihi na jami'o'inmu, su haɗa kai su fito da littafin taswirar dogo da harsunanmu. A sa kowace tasha, mai rai da matacciya, da shekararta, da kayan da aka yi lodi a cikinta. A je a zauna da tsofaffin direbobi da leburori tun suna da sauran numfashi, a kai littafin makarantun firamare. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa.