Tsofaffin Idanun Kyamara a New Bell

Galibin gidajenmu a New Bell da Sodiko suna da hoton mahaifi sanye da babbar riga ranar salla. Masu hoton wancan zamani da hannu suke murza idon kyamara har fuska ta fito sarai, kuma mutum kan tsaya cak kafin a danna. Da fim ya yi wuyar samu, aka jefa kyamarorin cikin akwati.

Yanzu samarinmu suna tono su. Idon Helios 44-2, wanda Tarayyar Sobiyet ta ƙera wa kyamarar Zenit, dunƙulen ƙarfe ne da gilashi, babu waya ko batir a cikinsa. Gindinsa zare ne mai faɗin milimita 42. Da zoben haɗi mai araha sai ya zauna daram a kan Sony ko Fujifilm ta yau. Sai dai ba ya saita kansa. Dole yaro ya nutsu, ya dubi dattijon da ke gabansa, ya murza a hankali. Mu kam wannan nutsuwar ta fi burge mu, fiye da yadda bayan hoton ke narkewa, abin da su suke yabawa.

Abin tsoro shi ne danshin Duwala, inda ruwan shekara ke haura mita 3. Fumfuna na yaɗuwa cikin gilashi kamar saƙar gizo, in ta daɗe ba ta gogewa. Muna roƙon magada: kada a sayar wa 'yan gwangwan. A fito da su daga akwati, a ajiye inda iska da haske ke shiga.