Ita da takarda, ni da goro

Maƙwabciyata a Liyon tsohuwa ce da ta yi ritaya daga aikin koyarwa. Wata ranar Lahadi ta kira ni shan shayi, ta warware mini wata doguwar takarda har ta rufe teburin. Sunayen kakanninta ne, ɗaya bisa ɗaya, kowa da ranar haihuwarsa da ta aurensa da ta rasuwarsa. Da yawansu masaƙan siliki ne a unguwar Kurwa-Rus. Ba ta tambayi kowa ba. Daga ɗakinta ta buɗe kwamfuta ta shiga rajistocin birni, don an ɗauki hotonsu an sa a intanet. Tun 1539 sarkin Faransa ya umarci limaman coci su riƙa rubuta jariran da aka yi wa baftisma, a 1792 kuma aikin ya koma hannun ma'aikatar magajin gari.

Sai ta ce, kai fa, ina naka?

Na yi dariya kawai. Takardar mahaifina cewa ta yi an haife shi "wajen 1948". Alƙali ne ya duba shi ya kintata, da shaidu biyu, lokacin da ake neman sa shi lakwal. Kakana kuwa, in ya taɓa shiga takarda, to ta bodo ce, wato haraji.

A garinmu Filinge ba a neman asali da ido, da ƙafa ake nemansa. Ka sayi goro, ka bari sai bayan la'asar, ka tuɓe takalmi ka zauna gefen tabarma. Ka gaida tsoho, ka tambayi gida da gajiya da damina. Ba ka faɗa masa da tambaya kai tsaye. Kewayawa ake yi, har shi da kansa ya ce, ai kakanka da ubana rijiya ɗaya suka gina. Shekara ba ta da lamba a bakinsa: shekarar fara ce, ko shekarar da aka kwashi mutane aikin tilas, ko yunwar El-Buhari ta 1984. In ya yi nisa sai ya kai ka hijirar Kurfayawa zuwa wannan kwari na Dallol Boso. Wani ya ce daga Kurfi ta Katsina aka taso, wani ya fi ƙarfafa zaman Adar. Zabarmawa dai Suje suke ce mana, kuma duk inda aka haɗu ba a rasa tsokana.

Abin da na lura shi ne, maƙwabciyata ta san ranar da kakan kakanta ya mutu, amma ba ta san ko mai fushi ne ko mai kyauta ba. Ni ban san shekarar haihuwar nawa ba, amma na san kirarinsa, na san launin dokinsa, na san dalilin da har gobe ba mu aure da wani gida. Ban ce namu ya fi ba. Baki yana zaɓe. Maroƙi ba ya ambaton wanda ya gudu daga fagen yaƙi, dangin uwa sukan ɓace bayan kaka ta biyu, gidan da ke da bauta a tushensa kuwa shiru ake yi, kowa ya sani, ba mai faɗi.

Takarda ma tana zaɓe. Nasara ya rubuta wanda ya naɗa da wanda ya dame shi. Shi ya sa za ka iske sunan Gado Namailaya, sarkin Kurfai na zamanin, ka kuma iske na Shibo, wata mata 'yar garin Shikal da iskokin Babule suka hau a 1925, mutane suka bi ta suna kwaikwayon sojan Nasara suna ƙin sarauta, har wani kumandan Nasara mai suna Kurocikiya ya sa aka kulle su a Yamai. Waɗannan iskoki ne mai shirya fim Jan Rush ya je ya ɗauka a fim a Akra bayan shekara talatin. Na karanta wannan duka a Faransa. A gida, sau ɗaya na tambayi kakata ko namu sun bi Shibo. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, tashi ka ɗebo mini ruwa."

Yanzu rabin dangi na Yamai, 'ya'yansu sun fi jin Zabarmanci da Faransanci, kuma hanyar Filinge, kilomita 180 ɗin nan, ba kullum hankali ke kwanciya a bi ta ba. Sai na koma ga WhatsApp. Na roƙi ƙanena ya aje waya gaban kawunmu, shi ne babba da ya rage. Saƙon farko minti goma sha ɗaya ne, ana jin akuya na kuka a bayansa. Ya lissafo kakanni shida, ya tsaya a na bakwai, ya yi tari, ya ce a gaya mini sauran ba na waya ba ne, in zo da kaina.