Tambaya guda a ƙofar gidan likita

A ƙarshen shekara ta 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga watan Satumba, wani ya zuba garin ƙwayoyin cutar antaraks cikin wasiƙu, ya aika su ga gidajen jarida da kuma ƴan majalisar dattawan Amurka biyu. Mutum 22 suka kamu, 5 suka rasa rayukansu. Cutar ba baƙuwa ba ce ga makiyaya da mahauta, domin ita ce ciwon saifa mai kashe shanu da tumaki. A wannan karon ɗan Adam ne ya maida ta makami.

Makamin nan ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Wanda ya shaƙi garin yakan zo gidan likita da zazzaɓi, da tari, da kasala, tamkar mai mura. Wanda ke fara tarbarsa kuwa shi ne anfirmiye mai gwada zafin jiki da rubuta suna. Ma'aikatan gidan waya biyu na birnin Washington sun nemi magani, aka ɗauka ƙaramin ciwo ne, aka sallame su gida. Cikin ƴan kwanaki Allah ya yi musu rasuwa. Wani abokin aikinsu ya tsira, saboda inda ya je an kula da irin aikin da yake yi, aka kwantar da shi, aka soma ba shi magani da wuri. Tambaya guda, "Ina kake aiki?", tana iya raba rai da mutuwa.

Ilimi ne ke haifar da wannan tambaya, shi ne kuma ke kashe tsoro. Anfirmiyen da ya san antaraks na huhu ba ya tashi daga mutum zuwa mutum ba zai guji majiyyaci ba. Ya san siprofloksasin ko doksisiklin na aiki idan an gaggauta. Ya san agana dabam take: tana yaɗuwa, dole a keɓe mai ita. Tun 1980 aka tabbatar da kawar da agana daga duniya, saboda haka galibin ma'aikatan yau ba su taɓa ganinta da ido ba. Abin da ido bai gani ba, sai horo ya nuna shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin anfirmiye yana cikin aikin kullum: rajistar da ake cikawa da gaskiya, safar hannu da ƙyallen rufe hanci a ajiye, da sanin wanda za a sanar idan mutane da yawa suka zo da ciwo iri ɗaya daga wuri ɗaya. Hukumar da ta bar shi babu horo, babu kayan kariya, ba ta da bakin zarginsa ranar da masifa ta sauka.