Yaro da Injin Hoto Mai Ƙara

A gidaje da yawa, idan yaro ya ƙi cin tuwo ko ya ƙi yin shiru, magana ɗaya ake yi masa: "Bari in kira likita ya yi maka allura." Maganar takan yi aiki nan take. Amma bashi ce, ranar biya kuwa takan zo sa'ad da yaron ya kamu da ciwo na gaske, aka bukaci ya kwanta shiru a hannun mutumin da aka daɗe ana tsorata shi da sunansa.

Haka ya so ya faru da wani iyali na wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi. Ɗansu mai shekara 5 ya faɗi yana jijjiga har sau uku cikin wata biyu. Likita ya fara ba shi maganin farfaɗiya, ya kuma rubuta takarda a kai shi Yamai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da injin da ake kira IRM a Nijar, a Nijeriya da Gana kuwa MRI. Uban ya sayar da rago da buhun wake biyu kafin kuɗin hoto da na mota suka haɗu. Likitan kuma ya gargaɗe su, ya ce idan yaron ya motsa, hoton zai fito dishi-dishi, sai a sake. Kwana goma suka rage.

Injin nan ba ya yanka, ba ya huda, ba ya kuma aiki da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A cikinsa akwai babban maganaɗisu. Irin wanda aka fi samu a asibitoci, ƙarfinsa ya ninka na maganaɗisun duniya wajen sau 30,000. Shi da igiyar rediyo suke motsa ƙwayoyin ruwan da ke cikin jiki, kwamfuta kuwa ta juya amsar da suka bayar ta zama hoto. Mutum biyu da suka buɗe hanyar wannan aiki, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila, sun karɓi kyautar Nobel a 2003. Ga yaro dai duk wannan ba shi ne zancen ba. Abin da zai tarar shi ne gado mai shiga cikin rami wanda faɗinsa bai wuce santimita 60 ko 70 ba, da ƙara mai kama da ta injin niƙa, da umarnin kada ya motsa har wajen rabin sa'a.

Ra'ayin uban shi ne kada a gaya wa yaron kome. A ce masa za a je Yamai ganin gada da kogin Kwara, in an isa sai a san yadda za a yi. Ba mugunta ta sa ya faɗi haka ba, tausayi ne. Kakar yaron ce ta ƙi. Ta ce, "Ɗana, in ka yaudare shi yau, gobe da wane baki za ka ba shi magani?" Gaskiya kuwa tana wajenta, gama yaron da aka ce masa ba kome, ya shiga ya ji ƙarar nan, abu biyu zai tsorata da su a lokaci guda: injin, da kuma ubansa da ya ɓoye masa.

Wata ma'aikaciyar asibiti da suke sujada tare ta nuna wa kakar hoton injin a waya, ta kunna mata ƙararsa. Tsohuwa ta saurara sau biyu, ta ce ai wannan daka ne da niƙa aka haɗa. Da yamma ta jera benci biyu a tsakar gida, ta lanƙwasa tabarma a kansu ta zama kamar rumfa. Ta kwantar da jikan nata a ƙarƙashi, ta toshe masa kunne da auduga, ta kifa masa ƙaramin kwando a fuska, domin an gaya mata idan hoton kai ne, akan rufa wani abu mai kama da haka. Sa'an nan ta sa yayarsa ta riƙa buga taɓarya cikin turmi wofi kusa da shi.

"Maigidana," in ji ta, "yau wasan gungume za mu yi. Gungume yana numfashi, yana ƙifta ido, amma ba ya juya wuya, ba ya sosa hanci."

Ranar farko bai kai ƙirgen ashirin ba ya tashi yana dariya. Ba ta tsawata masa ba. Kashegari ya kai hamsin. A rana ta biyar ya kwanta har ta gama tatsuniyar Gizo guda ɗaya. Wannan kuwa ya isa, domin injin ba ya yin rabin sa'ar a numfashi ɗaya. Yakan yi ƙara na ƴan mintoci, ya huta, ya sake da wata murya dabam. Kakar ma ta riƙa canja bugun, wani lokaci turmi, wani lokaci tasa da ludayi, don kada sabon sauti ya firgita shi. Abu ɗaya ta hana a gidan: kada kowa ya kira maganaɗisun da sunan da aka saba, wato mayen ƙarfe. Yaron da ya ji an ce za a tura shi cikin maye, ba turmin da zai gyara shi.

Wata rana ya tambaye ta, "Kaka, za a yi mini allura?" Ta ce, "Wataƙila. In za a yi, za a faɗa maka tukuna. Da zafi kamar cizon cinnaka, sa'an nan ya wuce." Amsar daidai take, gama wani lokaci akan sa wani ruwa ta jijiya don hoton ya ƙara fitowa, ko da yake ba kowa ake yi wa ba.

Zancen ƙarfe kuwa ba na wasa ba ne. Maganaɗisun ba ya mutuwa ko da injin ya yi shiru. A 2001, a jihar New York ta Amurka, wani yaro mai shekara 6 ya rasu sa'ad da injin ya fizgo tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe ta buge shi a kai. Saboda haka ake cire ɗan kunne, da sarƙar gicciye, da laya, da riga mai zik, da tsabar kuɗi. Ko kwalli ma gara kada a sa ran nan. Idan an taɓa yi wa yaro aiki aka bar ƙarfe a jikinsa, ko wani ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, dole a faɗa kafin a shiga ɗakin. Wanda zai raka shi ma haka.

Ba kowane yaro ne wasan gungume zai ishe shi ba. Ɗan shekara biyu ko uku da wuya ya iya, akan sa shi barci da magani, wannan kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai a kiyaye dokar hana abinci yadda likita ya faɗa, sau da yawa sa'a 6, kada tausayi ya sa a ba shi fura a ɓoye, domin amai cikin irin barcin nan yana iya shiga huhu.

A Yamai, da yake uwar tana da ciki, an ce ta jira a waje. Uban ya zazzage aljihunsa, ya kwance agogo da bel, ya shiga ya dafa ƙafar ɗansa. Sau ɗaya yaron ya zabura, mai aikin ya yi masa magana ta lasifika, aka sake wannan sashi. Ba a yi allura ba, ba a kuma sa shi barci ba. Bayan kwana biyu likita ya duba hoton ya ce bai ga ƙari ko tabo ba, amma a ci gaba da maganin safe da yamma, gama yara da yawa masu farfaɗiya hotonsu lafiya yake fitowa. Da suka koma ƙauye yaron ya gaya wa kakarsa cewa injin ya fi turminta ƙara, kwandonsu kuma ba ya warin daddawa.